Littafi Mai Hoto ko Littafin Hoto? Tarken Littattafan Ƙananan Yara na Hausa Daga Mahangar Minna

1.0 Gabatarwa

Nazarce-nazarcen da aka yi a kan rubutaccen adabin Hausa sun fi karkata ga ƙagaggun labarai da waƙoƙi da wasannin kwaikwayo na manya. Littattafan yara kuwa, musamman na waɗanda ba su kai munzalin iya karatu ba, akan ambace su ne a gurguje a matsayin kayan koyarwa, ba a matsayin adabin da ya cancanci tarke ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba kashi ɗaya daga cikinsu, wato littafin da babba yake karanta wa yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, su biyun suna kallon shafi ɗaya. Za a kira wannan aiki karatun tare. Abin da maƙalar take son nunawa shi ne, Hausa tana da littattafai masu hoto da dama, amma littafin hoto ya yi mata ƙaranci, kuma dalilin bai tsaya ga tsadar takarda da tawada ba. Ya haɗa da matsayin da marubuta da mawallafa suka ba hoto tun farko.

An zaɓi a hangi al'amarin daga Minna, babban birnin Jihar Neja tun da aka ƙirƙiro ta a 1976, saboda gari ne da Hausa take harshen kasuwa da wasan yara, alhali gidaje da yawa harshensu na farko Gwaranci ne ko Nufanci ko wani daban. Duk wani rauni da littafin yara yake da shi, wanda zai iya ɓuya a Kano ko Katsina, a irin wannan gari yakan fito fili.

2.0 Bambancin Littafi Mai Hoto da Littafin Hoto

Nahawun Hausa ma ya isa ya fayyace bambancin. Littafi mai hoto shi ne wanda labarinsa ya kammala a cikin kalmomi, sa'an nan aka ƙawata shi da zane. In an cire zanen, armashi ne kawai ya ragu. Littafin hoto kuwa, kalmomi sun ɗauki wani ɓangare na labarin, hoto ya ɗauki wani, ta yadda in an cire ɗaya labarin ya gurgunce. Misalin da masana adabin yara suka fi kawowa shi ne Rosie's Walk na Pat Hutchins, wanda ya fito a 1968. Rubutun ya faɗi yadda wata kaza ta zaga gona ta komo gida, bai ambaci komai game da wani haɗari ba. A cikin hotunan ne kawai ake ganin yanyawa tana bin ta a baya, tana kai mata cafka tana faɗawa cikin wahala. Babban da yake karantawa idonsa yana kan rubutu, yaron kuwa idonsa yana kan yanyawa, saboda haka yaron ya san abin da muryar mai karatu ba ta faɗa ba, dole ya buɗe baki ya nuna da yatsa. Wannan giɓi da aka bari da gangan tsakanin kalma da hoto shi ne ƙofar da yaro yake shiga cikin labari.

Akwai kuma al'amarin juya shafi. Irin wannan littafi yawanci shafi 32 ne, saboda yadda ake naɗe takardar ɗab'i takwas-takwas ko goma sha shida-shida, kuma marubucin kirki yakan tsara maganarsa ta yanke a daidai inda mai sauraro zai ƙagara a juya. Binciken da Whitehurst da abokan aikinsa suka buga a Amurka a 1988 ya nuna cewa yara 'yan kimanin shekara 2 da iyayensu suke yi musu tambayoyi a kan hotuna, suna faɗaɗa amsoshinsu, sun fi takwarorinsu da aka yi wa karatu yadda aka saba ci gaba wajen furta magana. Ke nan amfanin littafin yana cikin hirar da ya haddasa. Da wannan ma'auni za a auna abin da Hausa take da shi.

3.0 Abin da Aka Gada Daga Zariya

Tarihin ɗab'in boko a ƙasar Hausa, kamar yadda Yahaya ya zayyana a Hausa a Rubuce (1988), tarihi ne na hukumomi: Hukumar Fassara, da Hukumar Talifi ta 1933, da Kamfanin Gaskiya na 1945, da Hukumar NORLA da aka rufe a 1959, sa'an nan Kamfanin NNPC na 1966. Dukkansu buƙatar makaranta da ta yaƙi da jahilci ce ta haife su. Ba abin mamaki ba ne da littafin yaron da suka samar ya kasance na koyon baƙi. Jerin nan na Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu, wanda ɗimbin Hausawa suka buɗe ido da shi, sunayensa kaɗai sun bayyana manufarsa: umurni ne ga ɗalibi guda, wanda ake so ya iya haɗa baƙi da wasali da kansa. Aikin hoto a littafin koyon baƙi shi ne ya tsaya kusa da kalma ya ba da shaida a kanta. In an rubuta sunan dabba, ga dabbar. In yaro ya gane kalmar, hoton ya gama aikinsa. Ba za a zargi waɗannan littattafai da gaza yin abin da ba a rubuta su dominsa ba, kuma sun yi nasu aikin da kyau. Illar ita ce, sun zama su ne ma'anar "littafin yara" a zukatan iyaye da malamai da mawallafa, har ya zamana ba a tunanin yaron da bai shiga aji ɗaya ba yana da wata hulɗa da littafi, in ban da ya yaga shi.

Kashi na biyu na gadon shi ne labarai masu zane. A nan Jihar Neja tana da abin tinƙaho, domin a Kagara aka haifi Abubakar Imam a 1911. Magana Jari Ce, wanda ya fito a littattafai uku tsakanin 1937 da 1939, an gina farkonsa ne a kan yanayin ba da labari ga yaro: aku yana riƙe Musa ɗan Sarki da labarai dare bayan dare don kada ya fita. Ba a cika samun rubutun Hausa da ya fi na Imam daɗi a baki ba in an karanta shi a bayyane. Amma zanensa jefi-jefi ne, kuma yana maimaita abin da alƙalami ya riga ya faɗa. Labaran kuma, ta fuskar tsawo da ta jigo, na yaran makaranta ne da manya. Haka abin yake ga Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, littattafai shida da suka fara fitowa a 1971. Kayan da ke ciki na ƙananan yara ne tsantsa, amma zubin na aji ne: tatsuniya ta zo a dunƙule a sakin layi, zane ya zo gefe yana rakiya.

Abin lura a nan, ko da a matsayin ratse ne, Minna ta haifi marubuta biyu da suka yi wa yara rubutu da Ingilishi. Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a garin a 1921, ya fitar da An African Night's Entertainment a 1962 da zanen Bruce Onobrakpeya, littafin da manazarta suka daɗe da lura da kusancinsa da Jiki Magayi. Ben Okri, haifaffen Minna a 1959, ya fitar da Every Leaf a Hallelujah a 2021 da zanen Diana Ejaita. A dukkan biyun an san sunan mai zanen, ana kuma lissafa shi cikin masu aikin. Tsofaffin littattafan Hausa kuwa, mutum zai iya haddace labaransu tun yana yaro har ya tsufa bai taɓa tambayar wanda ya zana hotunan ba. Wannan kaɗai ya nuna matsayin da aka ba hoto.

4.0 Sababbin Littattafai

Daga shekarun 2010 an sami hanyoyi biyu da suka ƙara yawan abin da yaro zai gani da Hausa. Ta farko ita ce shirye-shiryen inganta karatun 'yan firamare da ƙungiyoyin waje suka ɗauki nauyi, kamar wanda hukumar USAID ta fara a jihohin Bauci da Sakkwato a 2015, wanda ya samar da jerin Mu Karanta! na aji 1 zuwa 3. An tsara shi bisa ƙa'idar gabatar da sauti bayan sauti, an kuma tanadi labaran da malami zai karanta wa yara a bayyane. Ci gaba ne a kan abin da aka gada, amma jinsin bai sauya ba: jikan Ka Koyi Karatu ne. Marubucin da aka ce kada ya yi amfani da harafin da ba a koyar ba tukuna, ba shi da sukunin ya ce abu ya faɗa ruwa tinjim, ko tsuntsu ya tashi fir, in layin darasi bai kawo kan waɗannan baƙaƙe ba. Littafin karatun tare ba ya ƙarƙashin wannan takunkumi, tun da babba ne mai karantawa. Kunnen yaro ɗan shekara 4 ya yi wa idonsa nisa ƙwarai, kuma kunnen ake rubuta wa.

Hanya ta biyu ita ce rumbunan littattafai na intanet da suke ba da izinin fassara da bugawa kyauta, kamar African Storybook na Afirka ta Kudu da aka buɗe a 2014, da StoryWeaver na Indiya da aka buɗe a 2015. Dukkansu suna da labarai da Hausa, kuma a cikinsu akwai littattafan hoto na gaskiya, waɗanda aka tsara shafi-shafi. Uwa a Tunga ko Bosso da take da waya mai intanet za ta iya buɗe su a daren yau. Sai dai galibinsu fassara ce, hotunan kuma an zana su ne don wani harshe da wata ƙasa. Ba laifi ba ne yaron Minna ya ga gidan Indiya ko ƙauyen Uganda. Littafi taga ce. Matsalar tana ga ɗinkin da ke tsakanin kalma da hoto, wanda fassara takan farke. Mai fassara yakan iske abinci ko tufa ko wasan da babu shi a Hausa, sai ya zaɓi ɗayan biyu: ko ya sa sunan abin da yaro ya sani, hoto ya ƙaryata shi, ko ya yi dogon bayani, jimla ta yi nauyi a baki. Yaro kuwa ba ya yafe wa hoton da ya saɓa wa magana ba da niyya ba. In aka ce tuwo ya ga abin da ba tuwo ba, nan take zai faɗa. Bugu da ƙari, akan ci karo da matanin da aka buga ba tare da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ba, abin da yake mai da ƙafa ta koma kafa, ɓata ta koma bata. Babban da ya ƙware zai gyara a bakinsa. Wanda Hausa ba harshensa na farko ba ne zai karanta abin da ya gani.

5.0 Abin da Minna Take Nunawa

Minna ƙasar Gbagyi ce, waɗanda Hausawa suke kira Gwari. Garin ya bunƙasa ne da zuwan hanyar jirgin ƙasa ta Baro zuwa Kano a farkon ƙarni na 20, wadda ta jawo Hausawa da Nufawa da Yarabawa da Ibo. A unguwanni irin su Limawa da Kpakungu da Maitumbi ba baƙon abu ba ne a sami yaron da yake magana da kakarsa da Nufanci ko Gwaranci, da abokan wasansa da Hausa, da malamarsa ta nazare da Ingilishi. Mai karanta wa irin wannan yaro ba lalle ne ya zama gwanin karatun Hausar boko ba. Wataƙila yayarsa ce 'yar aji biyar, wataƙila uwa ce da ta yi makaranta da Ingilishi ba ta taɓa zama ajin Hausa ba, wataƙila kaka ce da ba ta karanta boko sam.

A nan ne bambancin da aka kawo a sama yake daina zama na masana kawai. Littafi mai hoto, in ya faɗa hannun kakar nan, ya mutu, domin labarin yana kulle cikin baƙaƙe. Littafin hoto kuwa za ta iya bin sa daga bango zuwa bango, ta ba da labarin da harshenta, gobe yayar yaron ta karanta masa rubutun da Hausa, ya ji labari ɗaya da harsuna biyu a kan hoto ɗaya. Babu wani littafin nahawu da zai yi wa yaro mai harshe biyu wannan hidima.

Akwai kuma wata fa'ida da ta shafi ƙa'idar rubutun Hausa kanta. Rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka gari na zama da gari na tuwo kamanninsu ɗaya a takarda, haka kuka ta miya da kuka na hawaye. Bahaushe yana warware wannan daga muhallin jimla ba tare da ya lura ba. Amma jimlolin littafin ƙananan yara gajeru ne, wani lokaci kalma biyu ko uku a shafi, muhallin bai isa ba. Hoton ne yake zama muhallin. Ga mai karatu Banufe ko Bagwari, zanen bishiya shi ne alamar karin sautin da ba a rubuta ba. Masu tsara ƙa'idojin rubutu ba su yi wannan lissafi ba, amma ya kamata mai tsara littafin yara ya yi shi.

Abin ya ƙara zama na gaggawa saboda sauyin manufar ilimi. Tun 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a muhallinsa, ko da yake aiwatarwar ta kasance da rauni. A Nuwamba 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar da ta faɗaɗa wannan zuwa shekaru shida na firamare, sa'an nan a Nuwamba 2025 Ministan Ilimi ya ba da sanarwar soke ta da mayar da Ingilishi harshen koyarwa. Ko mene ne ra'ayin mutum game da wannan mataki, sakamakonsa ga batun da ake tattaunawa a fili yake: littafin Hausa da aka gina don aji ya rasa wani ɓangare na madogararsa. Wurin da ya rage wa yaro ya fara ganin harshensa a rubuce shi ne tabarmar gida, kuma littattafan da aka gada ba don tabarma aka yi su ba.

6.0 Tatsuniya a Shafi

Abin da ya sa wannan giɓi yake da ban takaici shi ne, al'adar karatun tare ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Takardar ce kawai baƙuwa. Tatsuniya ba ta farawa sai mai ba da ita ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara sun amsa. Ana tsayawa a yi waƙa tare, ana maimaita aukuwa sau uku har ƙaramin cikinsu ya iya cankar ta gaba. Duk abin da masu binciken Amurka suka koya wa iyaye a 1988, kaka tana yin irinsa a tsakar gida. Kuskuren da aka yi wajen mayar da tatsuniya littafi shi ne an kwashe kalmomin an bar amsawar.

A ɗauki tatsuniyar Gizo da hankaki a ga abin da za a iya yi da ita. Hankaki sun ara wa Gizo gashi ya bi su cin ɓaure a tsakiyar ruwa, ya yi musu haɗama, suka karɓe gashinsu, ya faɗa ruwa, ya iske kansa a gidan kada ya ce shi ɗan'uwa ne. A wasu ruwayoyin an ba shi masauki a ɗakin da ƙwai yake, ya cinye ya bar guda, da aka zo ƙidaya sai ya riƙa fito da guda ɗin nan yana mayarwa yana sake fitowa da shi. In aka bi tsohuwar hanya, za a rubuta wa yaro cewa Gizo ya yaudari kada, a zana Gizo riƙe da ƙwai. In aka bi hanyar littafin hoto, rubutun ba zai ambaci yaudara ba ko kaɗan. Zai ɗauki muryar ƙidayar kawai, ɗaya, biyu, uku, shafi bayan shafi, kada tana gyaɗa kai daga waje. Hoton kuwa ya nuna cikin ɗakin, ga tarin ɓawo a bayan Gizo, ga ƙwai guda mai ɗan tabo a gefe wanda yake dawowa a kowane shafi. Yaro ɗan shekara 3 zai gane tabon kafin a kai biyar, ya fi kada wayo, ya fi mai karatun ma saurin gani. Ya koyi ƙidaya, ya kuma koyi cewa abin da baki ya faɗa da abin da ido ya gani suna iya saɓawa, ba tare da an rufe masa labarin da jimlar wa'azi ba. Atinuke, haifaffiyar Ibadan, ta yi amfani da dabara makusanciyar wannan a Baby Goes to Market (2017), inda goyo yake karɓar kayan ci daga 'yan kasuwa yana jefawa cikin kwandon da ke kan uwarsa ba ta sani ba. Kasuwar da aka zana ta Afirka ta Yamma ce, ba ta yi nisa da abin da yaron Minna yake gani ba, amma da Ingilishi aka rubuta.

Tsamin bakin Gizo ma a irin wannan littafi ne yake samun muhallinsa. A littafin koyon baƙi ba za a iya rubuta shi ba, don kada a ɓata wa ɗalibi ƙa'ida. A karatun tare kuwa babba ne zai kwaikwaya, kuma dariyar da yaro zai yi shaida ce cewa ya san daidaitaccen furucin.

Saura tambaya mai wuya, wadda marubuci ba zai iya amsa ta shi kaɗai ba: yaya kamannin Gizo suke? A baka ba a taɓa tilasta wa kowa ya yanke hukunci ba. Yana da mata, Ƙoƙi, yana noma, yana zuwa fada, amma kuma yana maƙalewa a bango. Dodo ma kowane yaro da irin nasa. Mai zane ba shi da wannan 'yanci. Da zarar ya ja layi ya rufe sauran ƙofofi, kuma wannan hasara ce ta gaske da ya kamata mai goyon bayan littafin hoto ya amsa ta. Zane mai kwaikwayon hoton kyamara, ko mai bin salon katun na talabijin, shi ya fi yin wannan ɓarna, domin ba ya barin komai ga tunani. Akwai mafita a kusa. A tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu a Jihar Neja, Ladi Kwali, Bagwariyar da hotonta yake bayan takardar Naira 20, ta shiga cibiyar ginin tukwane ta Michael Cardew a 1954, kuma ƙadangaru da kunamu da kifaye da kadojin da take tsagawa a jikin tulunanta ba kwafin halitta ba ne. Layuka ne 'yan kaɗan da suke cewa kada ba tare da sun ƙidaya haƙoranta ba. Haka adon tagulla na Bida, da zanen bangon gidajen Zariya da Kano, da zayyanar allo. Gizon da aka zana da irin wannan hannu zai iya zama gizo-gizo a shafi na 4, ya zama mutum a shafi na 5, yaro bai ga saɓani ba, kamar yadda bai taɓa gani ba a bakin kakarsa. Zai kuma fi sauƙin karɓuwa a gidajen da ake ƙyamar surar mai rai da ta cika kama da ta gaske, ga shi launi biyu ko uku sun ishe shi, abin da zai rage kuɗin bugu ƙwarai a kan mai cikakken launi.